Kwanci, Gurbi da Baragurbi

Bayan sallar Magariba muna zaune a tabarmar ƙofar gida, cikin sanyin hunturun bara, maƙwabcina ya ce da ni ya yanka kazar nan tasa ja. Na san kazar. Kazar Hausa ce 'yar madaidaiciya, mai baƙin gashi a wuya, wadda aka kawo wa matarsa daga ƙauye lokacin suna. Na tambaye shi ko baƙi ya yi. Ya ce a'a, ciwo ne ya kama ta, ya ga gara a sa mata wuƙa kafin ta yi mushe.

"Wane irin ciwo, Alhaji?"

Ya shiga lissafa mini. Kwana biyar ke nan ta shige bayan buhunan gawayi ta ƙi fitowa. Ta daina ƙwai. An watsa mata tsaki ta ƙi ko kallonsa. Muryarta ta sauya. In ta fito sau ɗaya a yini, sai ta yi wani ƙaton kashi mai wari wanda bai taɓa ganin irinsa ba, ta koma. Da ya ɗaga ta sai ya ji ta sakayau, ƙirjinta babu gashi, ga zafi kamar mai zazzaɓi.

Na ce, "In an kai mata hannu fa, lafewa take yi ko faɗa?"

"Ai har ta fasa wa ƙaramin yaron nan bayan hannu. Kumbura take yi kamar an hura ta."

"Ƙwan da take yi kafin nan, ina yake?"

"Yara ke ɗaukewa kullum a soya musu."

Na ɗan yi shiru, don ban so in ɓata masa rai a kan abin da ya riga ya wuce. Sannan na ce masa, Alhaji, kazar nan lafiyarta ƙalau, kwanci take yi. Ɗansa na fari, wanda ke aji biyu a ƙaramar sakandare, yana gefe yana zuba mana shayi. Ya ɗago kai ya ce, "Baba, mene ne kwanci?"

Ban ga laifin uban ba. Duk wanda ya taɓa kiwon kaji a ƙasar nan ya san abin da hunturu ke zuwa da shi. Annobar nan da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil takan share akurki cikin mako guda, kuma tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna a farkon 2006 mutane suka ƙara tsorata da duk kazar da ta yi shiru. Wanda ya taɓa wayar gari ya tarar da kajinsa goma a miƙe ba zai tsaya dogon bincike ba. Abin da ya tsaya mini a rai tambayar yaron ce. Bahaushe ne uwa da uba, a Kano aka haife shi, ya san kaza a tukunya ya san ta a faranti, amma kalmar da kowace yarinya 'yar shekara bakwai ta sani a garinmu ba ta taɓa ratsa kunnensa ba. Uban kuwa ya san kalmar, abin da take nufi ne bai taɓa gani da idonsa ba.

Wasali ɗaya ne tsakanin abin da maƙwabcina ya gani da abin da ke faruwa a bayan buhunan gawayin. Shi ya ga kaza tana kwance. Ita kuwa tana kwanci. Idan muka ce abu yana kwance, halin da yake ciki muke faɗi, kamar yadda muke cewa ƙofa tana buɗe, tulu yana cike, mara lafiya yana kwance. Ba a bukatar ya yi komai, haka aka same shi. Amma idan muka ce kaza tana kwanci, mun ɗauki maganar mun ajiye ta a sahun tana daka, tana saƙa, tana surfe, tana tatsa. Mun mai da ita sana'a. Har mukan ce ta shiga kwanci, kamar yadda ake shiga gona ko a shiga takaba, abu mai ranar farawa da ranar fita. Waɗanda suka fara furta wannan magana sun daɗe suna kallon kaza kafin su furta ta, kuma sun gane cewa halittar nan da ba ta motsi tana cikin aiki mafi wuya a rayuwarta.

Ka duba dangin kalmar ka ga yadda take zaune a cikinsu. Hausa ba ta bar wani abu da ba ta kwantar ba. Ƙura takan kwanta, iska takan kwanta, hankali yakan kwanta. Mai neman alfarma yakan kwantar da murya, mai koyo ya kwantar da kai, hukuma ta kwantar da tarzoma. Kayan da suka yini a kasuwa ba a taya ba sun yi kwantai. Wanda ajalinsa ya zo ya kwanta dama. Kusan dukansu maganar abu ɗaya suke yi: motsi ya ƙare, zafi ya huce. Biyu kaɗai na sani da suka fita daban. Akwai kwanto, irin na maharbi a bakin mashaya ko kwanton ɓauna na mayaƙa, inda jiki ke lafe amma ido da kunne suna tsaye. Sai kuma kwancin kaza. Mai kwanto jira yake ya ɗauke rai, mai kwanci jira take rai ya fito, kuma dukansu biyu wanda bai sani ba zai wuce su yana zaton barci suke yi. Har ila yau da kalmar nan muke ƙirga kwanaki, mu ce kwanci tashi, kuma babu inda wannan magana ta fi dacewa kamar a bakin gurbin kaza, inda ba a iya gaggauta komai ko da yini ɗaya.

Kakata ce ta koya mini karanta kaza. Iya muke ce mata, ita kuma takan kira ni Maigida, irin wasan kaka da jika. Kajinta ba su taɓa wuce ashirin ba, amma da su take sayen goro da gishiri, da su take yi wa baƙo girma, kuma da kuɗinsu ta taɓa sayen tunkiya. Wata rana na shigo da gudu na ce mata wake-waken kazarta ba ta da lafiya, tana bayan randa tun jiya. Ba ta ko tashi daga kan kaɗin da take yi ba.

"Maigida, koma ka dubo mini idonta."

Na je na dawo na ce ido a buɗe yake tar, tana kallona ba ta ƙiftawa.

"To koma ka miƙa mata hannu."

Na miƙa. Kazar da jiya-jiya nake kora da kara ta tayar da gashin wuya, ta baza jela, ta kumbura ta ninka girmanta, ta yi wani gurnani daga can cikin maƙogwaro, ta kai mini sara. Na dawo ina yarfa hannu. Iya ta ce, "Mai ciwo ba ta da wannan ƙarfin. Bar ta, uwa za ta zama."

A wurin Iya kwanciyar kaza iri uku ce, kuma daga ƙofar ɗaki take rarrabe su. Mai son yin ƙwai takan yi ta kai da komo tana kyarkyara, ta shiga gurbi da hantsi, ta ɗan jima, ta fito tana shela wa duk gida, ta koma tononta. Mai ciwo takan tsaya ne ko ta takure a inda ta ga dama, a tsakar gida ko a jikin bango, ta yi jugum, fukafukai a sauke, ido a lumshe tana gyangyaɗi, gindinta ɓace da zawo, in ka ɗauke ta ba ta musu. Mai kwanci kuwa wuri ɗaya take so, gurbinta, kuma ba takura take yi ba, bajewa take yi a kansa kamar an kifa faifai, kai a ƙasa, ido a kanka. Babban abin da Iya ke dubawa shi ne almuru. Idan sauran kaji suka shige akurki ko suka hau katanga, ita ta kwana a gurbi, aka kuma ga haka dare biyu ko uku a jere, magana ta ƙare. Ka ɗauke ta ka ajiye a tsakar gida, za ta zauna a yadda ka ajiye ta kamar wadda ta manta da ƙafafunta, sannan ta miƙe ta yi miƙa, ta ci da sauri, ta sha, ta yi birgima a toka, ta saki kashin nan da ta tara tun jiya don kada ta ɓata gurbi, ta nufi wurinta tana ƙuk-ƙuk-ƙuk a hankali, sauran kaji suna ba ta hanya. Duka-duka bai fi minti ashirin ba.

Wato duk abin da maƙwabcina ya lissafa mini a matsayin alamun cuta, ɗaya bayan ɗaya, su ne alamun kwanci. Rama gaskiya ce, don mai ci sau ɗaya a yini dole ta rame, har zankonta ya koɗe. Ƙirjin nan mara gashi, wanda ya fi komai tayar masa da hankali, shi ne ma ya fi komai kyau a cikin lamarin. Gashi rufi ne, yana tsare ɗumi a jiki ya hana shi fita. Don haka idan kwanci ya zo, gashin ƙirji da na ciki yakan zube, wani ita ke fige shi da bakinta, fatar wurin ta cika da jini, yadda tsirarar fata za ta haɗu da ɓawon ƙwai ba shamaki. Zafin jikin kaza yakan kai wajen digiri 41 a ma'aunin Salsiyos, ƙwai kuma yana son kusan 37 da rabi, dare da rana, har kwana 21. Tana juya su da baki sau da yawa a yini, ta turo na gefe zuwa tsakiya, ta mai da na tsakiya gefe, don kowa ya sami rabonsa, kuma don kada ɗan da ke ciki ya manne wa ɓawo. Na taɓa sa hannu a ƙarƙashin wake-waken nan da dare, lokacin da ta fi haƙuri, na ji laushin fatar da ɗuminta da santsin ƙwayayen a jere. Shekaru sun ja, amma tafin hannuna bai manta ba.

Masana sun gano abin da ke kunna wannan hali. Wani sinadari ne da ake kira furolaktin, wanda wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke fitarwa. A 1935 wani masani a Amurka, Oscar Riddle, da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka yi wa kaza allurarsa takan shiga kwanci. Idan ya yawaita a jini sai mahaifar ƙwai ta tsaya, son abinci ya ragu, son gurbi ya ƙaru, kuma taɓawar ƙwai a fatar ƙirji ita ke sa jiki ya ci gaba da fitar da shi. Abin da ya fi burge ni shi ne, wannan sinadarin ne dai ke kawo wa mace ruwan nono bayan haihuwa. Ashe kwanci jegon kaza ne. Mun san mai jego takan yi kwana arba'in a ɗaki, ana kai mata kunun kanwa, ana dafa mata ruwan wanka, kuma babu mai hankalin da zai leƙa ya ce wance ta cika son jiki. Iya ba ta taɓa jin sunan furolaktin ba, amma yadda take bi da mai kwanci haka take bi da mai jego: ta ajiye mata kaskon ruwa da tsakin dawa inda za ta gani, ta hana yara hayaniya a wurin, ta yayyafa toka a gurbi saboda ƙuma, don ƙuma na iya shanye jinin mai kwanci har ta gudu ta bar ƙwai ko ta mutu a kansu.

Sinadarin nan ba ya tambaya ko akwai ƙwai a ƙarƙashinta. Shi ya sa kazar maƙwabcina ta yi kwana biyar tana ɗumama ƙasa. Kaza takan yi kwanci a kan duwatsu, a kan ƙwan da zakara bai taɓa barbarar uwarsa ba, a kan gurbi wayam, kuma in ba a kula ba takan wuce kwana 21 tana jiran abin da ba zai zo ba, tana ƙara ramewa. Wannan ne kaɗai wurin da kwanci ke iya komawa cuta, kuma hakkin mai kiwo ne ya yanke shawara da wuri: ko ya ba ta ƙwai, ko ya tashe ta.

Gurbi kansa kalma ce da ta yi tafiya mai nisa. A gidan Iya, gurbi ɗan kwarmi ne da kaza ke fafewa da ƙirji a cikin rairayi, a bayan randa, ko a ƙarƙashin gado, ko a gindin rumbu, wani lokaci kuma fasasshiyar tukunya ce da aka zuba wa yashi aka jingine a lungu. Kaza ke zaɓa, kuma in ka canja mata wuri da rana tsaka sau da yawa takan ƙi, ta koma tsohon ko da babu komai a ciki. Yau ka buɗe rediyo za ka ji gurbin aiki, gurbin karatu, zaɓen cike gurbi, wane ya maye gurbin wane. Duk mun san ma'anarsu, amma kaɗan ne ke tuna cewa gurbi wuri ne da jiki ya fafe daidai girmansa, wanda ko mai shi ya tashi ana ganin siffarsa, in ka taɓa da wuri ma ka ji sauran ɗumi. Idan muka ce wane ya rasu ya bar gurbin da ke da wuyar cikewa, wannan kwarmin muke nufi, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Akwai hikima a yadda kaza ke cika gurbinta. Ƙwai ɗaya take yi a yini, ta tashi ta bar shi, har su kai goma ko sha biyu, sannan ta zauna. Ɗan da ke cikin ƙwai ba ya soma girma sai ya ji ɗumi, don haka na farko yana jiran na ƙarshe, su tashi tare, su fito kusan rana ɗaya. A nan ne bazararmu ke yin ɓarna, don idan zafin ɗaki ya kai wajen digiri 40, ƙwai yakan soma tun uwar ba ta zauna ba, ya soma ya tsaya, ya lalace. Shi ya sa ƙyanƙyasar bazara ba ta auki, kuma shi ya sa kaza mai wayo ke neman bayan randa. Iya takan zana wa ƙwayayen kwanci gawayi ranar da kaza ta zauna, don wata kazar na iya kutsawa ta ƙara nata daga baya, kuma duk wanda ba shi da zane kwashe shi take yi.

Da damina kuwa, lokacin da zabi ke zuba ƙwai, takan sayi ƙwan zabi a hannun matan Fulani ta sa wa kazar da ta fi amincewa da ita. Zabuwar gida ba ta cika zama ta yi kwanci yadda ya kamata ba, in ma ta ƙyanƙyashe takan ja 'ya'yan cikin raɓa su mutu. Sai kaza ta karɓi aikin. Ƙwan zabi yana cin kwana 26 zuwa 28, kusan mako guda ke nan a kan nata, kuma takan zauna har su fito. Ƙwan agwagwar nan tamu ta gida yana kaiwa kwana 35, shi ma akwai kajin da ke jure masa. Wanda ya ga kaza tsaye a bakin kududdufi tana kiran 'yan agwagwa da suka faɗa ruwa, tana kai da komo hankali a tashe, ya ga wani abu game da riƙo wanda ba a koyar da shi da baki.

A kan nata ƙwan kuwa, kwana uku na ƙarshe da ƙyar kaza take tashi. Ranar 20, in ka kasa kunne da dare, za ka ji 'yan tsaki suna kuka tun suna cikin ɓawo, ita kuma tana amsa musu ƙasa-ƙasa. Kowanne yana da ɗan tsini a kan baki wanda yake fasa ɓawo da shi, ya huda, ya huta, ya kewaya, wani ya kwashe yini cur kafin ya fito jiƙe sharkaf. Ka faɗi kalmar ƙyanƙyasa a hankali ka ji ko ba ƙarar ɓawon nan ce a cikinta ba. Ba sa bukatar abinci nan take, don sun shanye sauran gwaiduwa kafin su fito, tana riƙe su kwana biyu. Uwar takan ƙara yini ɗaya ko biyu tana jiran na baya. Daga nan sai ta miƙe, 'yan tsaki suna zubowa daga ƙarƙashin fukafukanta, ta fita tsakar gida, ba ta waiwaya ba.

Abin da ta tashi ta bari shi ne baragurbi. Kunne ma yana jin asalin kalmar: wanda aka bari a gurbi. Ƙwai ne da ya sha ɗumin da 'yan'uwansa suka sha, kwana 21 cif, bai zama komai ba. Ka girgiza shi ka ji ruwa na kaɗawa, in ya fashe kuwa sai an share wurin an zuba toka. Daga nan muka ɗauki kalmar muka ɗora wa mutane, har ta fi yawa a bakin 'yan jarida fiye da bakin masu kiwo: baragurbin ma'aikata, baragurbin 'yan siyasa, baragurbi a cikin malamai. Kalma ce mai kaifi kuma ta dace da wasu. Sai dai na lura mun ɗauki rabinta ne muka bar rabi. Idan Iya ta tarar da baragurbi uku ko huɗu a gurbi ɗaya, ba ƙwan take zagi ba, tambaya take yi. Zakaran gidan ya tsufa ne? Ƙwan ya daɗe a ajiye kafin a sa shi? An tara wa kazar fiye da abin da ƙirjinta zai rufe, har na gefe suka yi sanyi? Yara sun dame ta, ko ƙuma ta hana ta zama? Wani lokaci ba a samun dalili, haka Allah ya so. Amma sau da yawa amsar tana wurin mai gida. Kuma ba ta jira sai ƙarshe, don ruɓaɓɓen ƙwai na iya fashewa a ƙarƙashin kaza ya ɓata masu rai. Yanzu abin ya ma fi sauƙi: bayan kwana 7 zuwa 10, ka shiga da tocilar waya cikin duhu ka haska ƙwan, mai rai za ka ga jijiyoyin jini sun bazu kamar saƙar gizo, wanda babu komai kuwa haske zai ratsa shi fes. Ina ganin duk wanda zai kira ɗan wani baragurbi, ya kamata ya san cewa masu kalmar na asali sukan duba gurbin kafin su yanke hukunci.

Dalilin da ya sa yaron maƙwabcina bai san kwanci ba yana da sauƙin ganewa. Ƙwan da yake ci daga kiret yake zuwa, kajin da suka yi shi kuwa an daɗe ana tace irinsu don a cire musu wannan hali. Kaza mai kwanci ba ta ƙwai. Mako biyu tana tarawa, mako uku tana zaune, kusan wata biyu tana yawo da 'yan tsaki kafin ta yaye su da sara, shi ya sa kazar Hausa da wuya ta wuce ƙwai 60 a shekara, alhali ta gidan gona tana kusantar 300. Farar kazar nan mai asali daga Italiya da ake kira Leghorn kusan ba ta kwanci sam. A nan gida ma, cibiyar binciken dabbobi da ke Shika kusa da Zariya ta fitar da irin da ta sa wa suna ShikaBrown don yawan ƙwai. Aikin zama kuwa an miƙa wa inji. Ba sabon abu ba ne a duniya, don mutanen Masar sun fi shekara dubu biyu suna ƙyanƙyasa a ɗakunan laka masu wuta, inda gwanayen aikin ke gane zafin ƙwai ta hanyar ɗora shi a fatar ido.

Ba na ƙin wannan ci gaba. Da ba don shi ba, da ƙwai bai isa teburin mai shayi a kowace kusurwa ba, da yara da yawa ba su ɗanɗana shi ba sai da salla. Amma kazar da ba ta kwanci ba ta iya maye gurbin kanta. In ta tsufa sai ka koma ka sayi wasu 'yan tsaki, su kuma sai da inji, inji sai da wuta ko mai. Matar da ke ƙauyen da babu lantarki, wadda jarinta kaza biyu ne da zakara ɗaya, ba ta da injin da ya wuce ƙirjin kazarta. Ita ce ke mai da ƙwai goma kaji, kaji su zama akuya. Don haka nakan ji zafi idan na ga an cika gida da kajin turawa an yanke na Hausa kaf, ana cewa ba su da riba. Ribarsu ba a kiret ake auna ta ba.

Wanda kuma ƙwai yake so ba 'yan tsaki ba, yana da damar tayar da kazarsa daga kwanci, amma da tausayi. Na taɓa ganin an soka wa kaza gashin fiffike a hanci wai don ta manta da gurbi, na ga ana tsoma wata a ruwan sanyi da hunturu. Wannan zalunci ne, kuma babu bukatarsa. A kwashe ƙwai kullum, a toshe gurbin, a sa ta a keji mai iska ta ƙasa, wuri mai haske, da ruwa da abinci. Idan ƙirjin ya huce, cikin 'yan kwanaki za ta saki, bayan mako ɗaya ko biyu ta koma ƙwai.

Da damina ta kama aka sake kawo wa matar maƙwabcina sagara daga ƙauye. Wata uku bayan nan yaron ya yi mini sallama da yamma, ya ce, "Baba, ka zo ka gani, ina jin ta fara." Na bi shi. Tana bayan buhunan gawayin nan dai, a baje, ido a kanmu. Na ce ya miƙa hannu. Ya miƙa, ta kumbura, ya janye da sauri yana murmushi. Muka zana wa ƙwai tara gawayi, ya rubuta ranar a jikin bango.

Kai ma mai karatu, in kana da kaza a gida, ranar da ka ga ta shige lungu ta ƙi fitowa, kada ka yi saurin aikawa a wasa wuƙa. Dubi idonta, ka jira almuru ka ga inda za ta kwana, sannan ka sa hannu a hankali a ƙarƙashin ƙirjinta. In ka ji tsirarar fata mai ɗumi, ka ajiye mata ruwa da tsaki kusa, ka kira yaran gidan su gani, ka faɗa musu sunan abin, ku ƙirga kwana 21 tare.